LAHIYARMU: In zuciya ta rikice bayan aikin ƙirji

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana bisa mutumen da likita ya buɗe ma ƙirji. Wani huhu aka yanke mashi, don tarin huka ko ciwon daji ya ci shi. Wani zuciya aka gyara mashi, don ciwon maƙoshi na ƙuruciya da ba a yi ma magani ba ya ɓata ƙohohinta.

Zuciyar babba mai lahiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya, daidai wa daida, kamar mata biyu masu daka a turmi guda. Bayan aiki takan rikice. Ta yi gudu, ta tsallake, ta sake gudu. Abin ya hi zuwa a kwana na 2 ko na 3. Cikin mutum 3 da aka yi ma aikin zuciya, wajen 1 yakan gamu da shi. Ga aikin huhu bai kai haka ba, amma wanda aka cire ma huhu guda dukansa ya hi wanda aka yanke ma ɓangare shiga hatsari.

Babban dalili shi ne tsuhwa. In mutum ya wuce shekara 60, naman zuciyarsa ya tsuhwa, kaɗan ya isa ya rikita shi. Maza sun hi mata. Sai mai hawan jini, da mai ƙiba, da wanda taba ta ɓata ma huhu, da mai shan giya, da wanda zuciyarsa ta taɓa rikicewa can baya.

Shekaru ba su da magani, amma akwai abin da ke hannunmu. Mai shan taba ya bari, ko da mako 4 kahin aiki. Wani kuma yana shan ƙwayar hawan jini, sai ya aje ta da kansa, wai tunda za a yi aiki ta ƙare. Wannan kuskure ne babba, don akwai ƙwayar da in an tsaida ta kwatsam zuciya takan zabura. Ku kai ma likita dukan magungunan da kuke sha, har da saiwa da jiƙo, kada ku ji kunya. Zawo da amai su ma suna rage wani gishirin jini da ake kira potasiyom, wanda zuciya ke bukata. Ku hwaɗa mashi.

Ga mutane da yawa bugun yakan daidaita cikin ƴan makonni. Tsoron shi ne jini ya daskare cikin zuciya, gudan ya tahi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa ake ba waɗansu maganin tsinka jini. Kada su hwasa shan shi.

Mai jinya, ga aikinka in kun komo gida. Ɗora yatsa biyu bisa wuyan hannun maras lahiya, ƙarƙashin babban yatsa, ka ƙirga minti ɗaya da agogo, sahe da marece. In bugun ya hi 100 yana kwance, ko ba ya tahiya daidai, ko yana haki da juwa, ku tahi gidan likita ranar. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ku nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Ku riƙa takardar da aka ba ku ranar sallama.