Kafin a kawo mana sauron Jibuti, a fara auna ruwanmu

A watan Mayun 2024 ƙasar Jibuti ta fara sakin wani sauro da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Kamfanin Oxitec na Ingila ne ya samar da shi. Nau'in da ake son ragewa, Anopheles stephensi, ya riga ya iso mana, domin an gano shi a Jihar Gombe a 2020. Sauron birni ne, a tankunan ruwa da durom-durom yake hayayyafa.

An dasa wa sauron ƙwayar halitta mai kisa, sai dai kisan yana da sharaɗi. Muddin akwai maganin tetrasaikilin a ruwan da tsutsar ke girma, ƙwayar ba ta aiki, kuma da haka ake kiwonsa a ɗakin gwaji. Maza kawai ake saki, su kuwa ba sa cizo. Idan suka yi barbara da matan da ke gari, 'ya'ya matan da aka ƙyanƙyashe sai su mutu tun suna tsutsa, saboda babu maganin a ruwansu.

Masana sun daɗe da sanin irin wannan kisa mai sharaɗi. Da yis mai hayayyafa a ɗan sanyi amma ya kasa idan zafi ya ƙaru Lee Hartwell ya gano yadda ƙwayar jiki ke rabuwa, har ya samu kyautar Nobel a 2001.

Ni ba na cikin masu kallon abin a matsayin makirci. Damuwata tana kan sharaɗin ne. Tetrasaikilin ɗin nan shi ne jan kafso da ake saya a kemis ba takardar likita, kuma danginsa masu kiwon kaji ke zubawa a ruwan sha, ragowar ta gangara kwata. Wataƙila adadin bai kai ya ceci tsutsa ba. To, amma awo ne zai faɗi haka, kuma awon da aka yi a wata ƙasa ba zai tsaya wa unguwar da gidan kaji ke maƙwabtaka da rijiya ba.

Najeriya tana da hukumar kula da irin waɗannan halittu, NBMA, tun 2015. Ranar da aka kawo mata takardar neman izini, ya kamata ta buƙaci a ɗebi ruwa daga tankunanmu da kududdufanmu, rani da damina, masanan jami'o'inmu su auna, a kuma karanta sakamakon da Hausa a rediyo kafin a buɗe akwatin farko.