Sharhi: Inda Ribar Fataken Hatsi Na Kontagora Take Zurarewa

Sanin kowa ne cewa Kontagora tana bisa babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilorin da Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato, ga kuma wadda ta ɓalle ta Tegina zuwa Kaduna. Wannan matsayi, tare da albarkar masara da dawa da gyaɗa, shi ya mayar da garin matattarar fatake. Sai dai akasarinsu hankalinsu yana kan abu biyu kaɗai, wato nawa aka saya da kaka, nawa za a sayar da bazara. Abin da ke faruwa da buhu a tsakanin waɗannan ranaku biyu ba a cika lissafa shi ba, alhali nan ne ilmin tafiyar da aiki yake.

Masana sukan kafa misali da kamfanin Toyota na Japan, inda bayan Yaƙin Duniya na Biyu Taiichi Ohno ya tsara kada a tara kaya sai daidai lokacin bukatarsu. Wannan tsari ba zai ɗauku gaba ɗaya a harkar hatsi ba, domin sau ɗaya ake girbi a shekara, ajiya kuwa ta zama tilas. Abin ɗauka a ciki shi ne cewa kayan da ke kwance a sito kuɗi ne aka ɗaure, kuma suna cin kuɗi kullum.

Masarar da aka ɗinke a buhu tun danshinta bai sauko zuwa kimanin kashi 13 cikin ɗari ba, funfuna za ta yi, ƙwari su bi. Idan a misali buhu biyar cikin ɗari suka lalace, aka haɗa da hayar sito da ladar mai gadi da na 'yan dako, sai a tarar tashin farashin da ake murna da shi ya tafi wajen cike giɓi. Masu yin abincin kaji a Ibadan kuwa ba sa ɗaga ƙafa, ko su rage kuɗi ko su mayar da mota. Na'urar auna danshi da buhu mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 domin wake, kuɗinsu bai kama ƙafar wannan asara ba.

Lissafin ya ƙara tsananta tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamba 2024. Da farashin hatsi ya faɗi a 2025, waɗanda suka cika sito da kuɗin bashi su suka fi ji a jikinsu.

Akwai kuma batun jira. Tirelar da ta kwana biyu a bakin sito saboda ma'auni ɗaya ne, ko ba a gama ɗinkin buhuna ba, saurin lodinta bai wuce saurin wannan ma'auni ba, ko da 'yan dako talatin aka ɗauka. Ya kamata kowane falke ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ranar shigar kowane kaya, da nauyinsa a shiga da fita, da awowin da mota ta yi tana jira, sa'an nan ya fara fitar da wanda ya riga shiga.