RA'AYINMU: Kuɗin Tarayya Ya Isa Obi, To Wa Ke Duba Littafin?

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya maye gurbin tsarin En'e, aka yanka wa ƙaramar hukuma rabonta daga baitulmalin Tarayya. An sha rigima a kan wannan rabo, har ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, ba sai an bi ta hannun gwamnoni ba. Amma akwai wani kuɗin na Tarayya da ba a cika maganarsa ba, shi ne wanda ake miƙa wa kwamitoci da ƙungiyoyin ƙauye su kashe da hannunsu.

Mu ɗauki Ƙaramar Hukumar Obi, kusa da Lafiya a Jihar Nasarawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Wani ɓangare nasa yana bi ta hukumar lafiya ta jiha, ya faɗa asusun ƙaramin asibitin gunduma, inda shugaban asibitin da kwamitin raya gunduma ke tsara yadda za a kashe shi. Haka kuma dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 domin ilmi, har kwamitocin kula da makarantu sukan sami tallafin gyaran aji. A ƙarƙashin shirin Fadama ma, ƙungiyoyin manoma ne suka karɓi tallafi.

Wannan tsari yana da hikima, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin Agwatashi ko Adudu ko Tudun Adabu ya fi ma'aikacin Abuja sanin asibitin da ba shi da rijiya. Sai dai da yake kuɗin bai ratsa ta ofishin ma'aji ba, abu ne mai sauƙi ciyaman ya ce ba ruwansa, Abuja ta ce Obi ta yi mata nisa, jiha kuwa ta wadatu da takardar da aka aiko mata. Tsakanin waɗannan uku sai a rasa wanda ya je ya ƙirga magani a kan kanta.

Ba muna zargin kowa ba ne. Yawancin 'yan kwamitin nan dattawa ne masu aikin sa kai, waɗansunsu ba a taɓa koya musu ajiye rasit ba. Amma Tsarin Mulki na 1999 ya sa ƙaramar hukuma cikin masu ɗaukar nauyin makarantun firamare da kiwon lafiya da aikin gona, saboda haka ba ta da ikon kau da kai.

A namu ra'ayin, abu uku sun wajaba a kan majalisar Obi da takwarorinta. Na farko, ta buɗe rajistar kowace ƙungiya da ta karɓi kuɗin Tarayya a ƙasarta, da adadin kuɗin, da aikin da aka ce za a yi. Na biyu, duk wata uku kansila da mai binciken kuɗi su taka da ƙafarsu, su gwada rasit da abin da ido ya gani. Na uku, a manna lissafin a bangon asibiti da makaranta, a kuma karanta shi a ƙofar hakimi cikin harshen da jama'a ke ji. Ciyaman ɗin da ya ƙi, ko ɗan jam'iyyarmu ne, ba za mu rufa masa asiri ba.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Anacha da Fatakwal, maganar ta shafi aljihunku. Duk ranar da aka rasa magani a asibitin gunduma, ku ake bugo wa waya cikin dare a ce ku aiko. Ƙungiyoyinku na 'yan gari ɗaya su rubuta wa majalisa takarda su nemi lissafi. Wanda ya je gida da Salla ko Kirsimeti, bayan gaishe da iyaye ya leƙa asibitin, ya tambayi nawa ya shigo bana, me aka saya da shi.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.