Gida da Lambu: Kafin a ƙara ruwa, a dubi ganye



A bazarar da ta wuce wata maƙwabciyarmu a nan Maraɗi ta kira mu mu duba mata lemun tsamin da ta yi shekara biyu tana reno cikin rabin ganga. Ganye ya yi ruwan ɗorawa yana kakkaɓewa, ita kuwa safe da yamma tana ɗura masa ruwa don tausayi. Da muka tona, sai muka tarar ƙasa ta zama taɓo, saiwa ta yi baƙi ta ruɓe, domin gangar ba ta da ko huji ɗaya a gindi. Ruwan da ta ɗauka magani ne, shi ya kashe icen.

Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Shuka mai ƙishirwa da wadda ruwa ya shaƙe duk yaushi suke yi. Saboda haka a tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu. In akwai danshi a dakata, in ta bushe a shayar sosai da sanyin safiya ko bayan la'asar.

Daga nan a lura da wane ganye ya fara sakewa. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, yawanci yunwa ce, wato ƙarancin sinadarin azot da ake samu cikin taki. A zuba taki wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa. In kuwa sababbin ganyen toho ne suka yi fari-fari amma jijiyoyinsu na nan kore, shukar ta kasa shan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Lemu da gwaba sun fi yin haka, kuma yawan zuba toka a gindinsu yana ƙara matsalar.

In bakin ganye ya bushe kamar an babbaka shi, a tuhumi gishiri. Ruwan wanki mai omo ko jabel, da ruwan rijiya mai kanwa, suna tara gishiri a ƙasa har a ga fari-fari a samanta. A daina zuba su, a wanke ƙasar da ruwa mai daɗi ya fita ta hujin gindi. Iskar hunturu da zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da awo ke wuce digiri 40, su ma suna ƙona ganye. Zana ta tare iska, ciyawa busasshiya kuma ta rufe gindi.

Tumatir da ya tsumbure, ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya, ya kamu da cutar da ƙananan fararen ƙudaje ke yaɗawa. Wanda ya kamu ba ya warkewa, sai a tuge shi a ƙone don a ceci sauran. Ƙudajen kuwa, a daka 'ya'yan dogon yaro giram 50, a jiƙa cikin lita 1 ta ruwa su kwana, a tace, a fesa ƙarƙashin ganye da maraice. In an tuge kuɓewa ko tumatir aka ga saiwa duk ƙulli-ƙulli, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Kada a maimaita su a wurin, a shuka gero ko dawa tukuna.

Zogale da ya zubar da ganye da rani ba mutuwa ya yi ba. A kankare ɓawon reshe da farce, in an ga kore a ciki yana da rai, a yi haƙuri da shi.

Maƙwabciyar tamu ta huda gangarta ta sake dashe, kuma sabon icen ya kama. Allah Ya sa albarka cikin abin da muka shuka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.