Ɗan babur, bari a gan ka: magana kan rigar ƙyalli a titunan Sabha

Makonni uku da suka wuce wani yaro a ajina ya yi kwana huɗu bai zo makaranta ba. Da na bi sawu har gidansu a nan Hajara, sai na tarar da mahaifinsa kwance a kan katifa, ƙafar dama a ɗaure tun daga gwiwa har idon sawu. Magini ne, mutumin Damagaram, ya daɗe yana aiki a Sabha. Ya taso daga wurin aiki bayan sallar Magariba a kan babur ɗinsa, unguwa babu wuta, sai wata mota ta ɗebe shi ta baya. Direban bai gudu ba, Allah ya saka masa, shi ya kai shi asibiti. Amma maganar da ya yi ta maimaitawa a hanya ita ce, wallahi bai gan shi ba.

Bayan na yi masa sannu, na ce, "Yaya, wace riga ce a jikinka a ranar?" Ya ce, "Malam, baƙar kwat ɗin nan ta sanyi." Na ce fitilar baya fa? Ya yi shiru, can ya ce ta mutu tun bara.

Ban kawo labarin nan don in ɗora wa majinyaci laifi ba. Na kawo shi ne saboda tun daga ranar nake lura da 'yan uwanmu masu babur da masu keke mai ƙafa uku da ke dakon kaya, daga Hajara zuwa Gurda, daga Mahdiyya zuwa Manshiyya, kuma kusan dukkansu haka suke tafiya da dare: baƙaƙen kaya, baƙin rawani ko hular sanyi, fitila ɗaya mai lumshi. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai hau babur a garin nan daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari ya kamata ya sa rigar ƙyalli, wadda 'yan Nijar ke kira jile, irin wadda masu aikin titi da masu shara ke sawa. Amma ba na goyon bayan a mayar da ita doka ta dole a halin da muke ciki, kuma zan faɗi dalili.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi nake koyarwa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kilomita ɗaya a minti ɗaya, wato kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In tana gudun kilomita 90, wanda ba abin mamaki ba ne a hanyar Ubari ko ta Birak, mita 25 take ci a daƙiƙa. Tsakanin direba ya ga abu da ya kai ƙafarsa kan birki akwai aƙalla daƙiƙa guda, in hankalinsa na kan hanya ke nan, ba kan waya ba. Bayan ya taka birkin ma motar ba nan take za ta tsaya ba, balle a titin da yashi ya rufe gefensa. Ke nan in direba bai hango ka ba sai da ya rage mita 20 tsakaninku, to magana ta riga ta ƙare, ko da mutumin kirki ne. Duk abin da zai sa ya hango ka tun da nisa, daƙiƙa biyu ko uku ne aka ƙara maka, kuma a kansu rai yake rataye.

Rigar nan abu biyu ne aka haɗa a cikinta, mutane da yawa ba su bambance ba. Akwai launin yadin, ruwan ɗorawa mai haske ko ruwan lemo, wanda ke aiki da rana da kuma lokacin da gari ya fara duhu, ko ranar da iskar gibli ta taso ƙura ta rufe ko'ina. Sai kuma zanen azurfa da aka ɗinka a jikinta, shi ne na dare. An yi shi yadda hasken da ya faɗa masa zai koma daidai inda ya fito, wato wajen fitilar mota, kusa da idon direba. Shi ya sa farar jallabiya, duk da ta fi baƙa, ba ta kama ƙafar wannan zanen ba. Na gwada wa ɗalibaina bayan sallar Isha'i da tocilar waya. Yaron da ya sa baƙar riga ya ɓace mana tun bai kai ƙarshen katangar makaranta ba, mai rigar ƙyalli kuwa har ya kai bakin titi muna ganinsa. Kowa zai iya gwadawa a ƙofar gidansa.

Masu bincike ma sun duba lamarin. A shekarar 2004 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga wani nazari da aka yi a yankin Auckland na ƙasar New Zealand, inda aka kwatanta masu babur da suka yi haɗari da waɗanda ba su yi ba. An gano cewa masu sa kaya masu ƙyalli ko masu haske haɗarin jin rauninsu ya yi ƙasa da kashi 37 cikin 100. Masu farar hular kwano sun fi masu baƙa tsira da kashi 24, masu kunna fitila da rana kuma da kashi 27. Wannan fa a ƙasar da titunanta ke da fitilu, motocinta ke da lamba. To ina ga mu, da wuta kan ɗauke ta bar unguwa guda cikin duhu, ga motoci masu baƙin gilashi da direban ciki da kyar yake ganin gefensa?

Kuma titunan ƙasar nan ba na wasa ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya sa Libiya a kan gaba a duniya wajen mace-macen hanya, da kiyasin mutum 73 cikin kowane 100,000. Rahoton 2018 ya sauke adadin zuwa kusan 26, amma ko a haka ya haura matsakaicin duniya na wancan lokacin, wanda bai wuce 18 da ɗoriya ba. A duniya baki ɗaya, hukumar ta ce a 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma kusan ɗaya cikin biyar masu babur ne da masu ƙafa uku.

Na kai maganar nan majalisar da muke shan shayi, kuma ban samu yadda nake so ba. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Malam, kai kana aji, mu muna titi. A garin nan baƙo ba ya son a gan shi. Ka sa riga mai walƙiya, ka sanar da mai tsaron bawaba da ɓarawo cewa ga ka nan tafe." Wannan magana ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Duk wanda ya zauna a Sabha ya san abin da baƙin mutum marar cikakkiyar takarda ke fuskanta, ya san labarin waɗanda aka tare aka ƙwace wa waya da kuɗin aikin wata, har da waɗanda aka ɗauke sai da dangi suka biya. Mun koyi tafiya a raɓe, mun koyi rage murya, kuma wannan dabarar ta tsare mutane da yawa.

Amsar da na ba shi ita ce, babur ba ya ɓoyuwa. Ƙararsa ta riga ta sanar da kai tun kafin ka iso, kuma wanda ya tsaya a bakin hanya yana jiran wanda zai tare, idonsa na kanka ko da me ka sa. Mutum ɗaya tak baƙar riga ke ɓoye ka daga gare shi, shi ne direban da ke bayanka, wanda ba shi da niyyar cutar da kai. Ban ce babu lungun da mutum zai ga ya fi masa alheri ya cire ta ya cusa a aljihu ba, kowa ya san unguwarsa. Amma a babban titi, inda motoci ke gudu, ɓoyuwa ba ta tsare kowa. Ga shi kuma rigar nan a idon mutanen gari alama ce ta ma'aikaci mai neman halalinsa.

Wani matashi kuma ya ce shi kunya yake ji, sai ka ce mai shara. Na ce masa mai shara da rigarsa yana komawa gida da ƙafafunsa biyu. Wani ya kawo zafi, kuma gaskiya ne a watannin bazara zafin Fezzan kan haura digiri 40. Amma akwai mai raga-raga wadda iska ke ratsawa, kuma lokacin da aka fi bukatarta rana ta riga ta faɗi. Da sanyi ma ta fi sauƙi, a kan kwat ake ɗora ta. Kuɗinta kuwa bai kai ladan aikin yini ɗaya ba, ana samunta a shagunan kayan gini.

Sai masu cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, babu Musulmin da zai musa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, kuma tsare rai na cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare. Wanda ya kulle ƙofarsa da dare bai yi jayayya da ƙaddara ba. Kuma ran da kake ɗauke da shi a kan babur ba naka ne kai kaɗai ba. Akwai tsohuwa a Matamaye ko Tasawa ko Daura da ke jiran abin da za ka aika ƙarshen wata. Maginin da na ba ku labarinsa zai yi watanni bai ɗauki cokalin gini ba, kuma karo-karon da aka yi masa a masallaci ba zai kai shi ko'ina ba. Ɗansa, wanda ke cikin masu ƙoƙari a ajina, an fara maganar a cire shi ya je ya kama aiki a wurin wankin mota.

To me ya sa ban ce a kafa doka ba? Saboda mun ga yadda irin wannan ke ƙarewa. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano. Cikin 'yan kwanaki aka fara ganin 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, labarin har ya zaga duniya. Mutumin da bai yarda da amfanin abu ba, dabarar kauce wa jami'i kawai zai nema. A nan kuma, inda ba duk mai tare hanya ne ke da littafin tara ba, sabuwar doka kan masu babur za ta iya zama sabuwar ƙofar tatsar baƙi, su ne kuwa mafi rauni. Faransa ma, da duk tsarinta, abin da ta wajabta wa masu babur tun 2016 shi ne su riƙe rigar a tare da su, su sa ta idan sun tsaya a hanya saboda larura. Abin da ya fi mana shi ne mu mayar da ita al'ada a tsakaninmu, yadda wanda ya fita babu ita abokansa ne za su fara yi masa magana.

Kada kuma wani ya fahimce ni a karkace. Riga ba ta wanke direban da ke gudun wuce sa'a a cikin unguwa, ko mai danna waya, ko yaron da aka ba mota bai kai munzali ba. Ranar da aka buge ɗan babur, ba daidai ba ne tambayar farko ta zama ko ya sa jile. Haka nan ba ta maye gurbin fitila da hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida. Rigar ƙyalli tana taimakawa kada a buge ka, hula kuma ita ke tsare kanka in an buge ka. Wanda ya sa rigar ya ɗauka kowa ya gan shi, ya shiga gaban mota da gadara, ya fi wanda bai sa ba shiga haɗari. Ka sa ta, sannan ka yi tuƙi kamar ba a gan ka ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Shugabannin al'ummarmu, na 'yan Nijar da na 'yan Najeriya, da ke tara kuɗi in an yi rasuwa ko an kwantar da wani, su ware kaɗan daga ciki su sayo rigunan nan da yawa a raba. Limamanmu su ɗauki minti biyu bayan sallah su yi magana a kai, musamman da azumi, lokacin da kowa ke sauri ya isa gida kafin a sha ruwa, ga duhu na shigowa. Masu gyaran babur kada su bar babur ya fita daga hannunsu fitilar baya a mace, su kuma liƙa tef mai ƙyalli a baya da gefen keken dako, domin kaya kan rufe bayan direba. Wanda ke goya wani, na bayan ne ya fi bukatar rigar, shi mota ke fara gani. Iyaye mata kuma, ku ne kuke ganin fitar maigida da asuba, ku rataye ta a jikin ƙofa inda hannunsa zai kai.

Ni dai na sayi biyu, ɗaya tawa, ɗaya na kai wa maginin nan ya ajiye kafin ya miƙe. Ya karɓa yana dariya ya ce, "Malam, sai da ƙafa ta karye?" Na ce ai ɗayar tana nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu a hanya, ya mayar da kowa gida cikin iyalinsa.