A Japan Ko Alade Sai An Tambayi Asalinsa

A ƙasar Japan akwai abincin da ake kira tonkatsu, watau yankan naman alade da ake shafe wa garin burodi a soya. Musulmi ba ya cinsa, amma yadda Japanawa ke tantance irin dabbar abin lura ne.

Baƙin aladen Kagoshima jinin Berkshire ne na Ingila. Da dankali ake turke shi, yakan kai wata takwas kafin yanka, alhali gama-gari wata shida ya ishe shi.

Agu na Okinawa kuwa ƙarami ne mai kitse, macensa ba ta yawan 'ya'ya. Saboda haka manoma suka watsar da shi suka rungumi irin Turawa, har ya kusa ƙarewa. Sai a 1981 aka fara tattara 'yan kaɗan da suka rage. Yau namansa yana cikin masu tsada a ƙasar.