Rawani A Ƙasar Baƙunci

Mutanen Sik, mabiya Guru Nanak na ƙasar Fanjab, addininsu ya hana aski, mazansu kuwa rawani suke naɗawa. Da suka yi ƙaura zuwa Ingila sai rawanin ya zama abin gardama. A 1967 aka dakatar da wani direban bas a Wulbahamton saboda shi, ba a janye hanin ba sai 1969. A 1983 manyan alƙalan Ingila suka yanke hukunci cewa makarantar Bamingham da ta ƙi karɓar yaro don rawaninsa ta karya doka.

Amma ga abin lura. Bayan doka ta ba su dama, samarinsu da yawa da ƙafarsu suke zuwa wurin wanzami. Ashe shari'a tana kare rawani, amma ba ta sa yaro ya so shi.

Mu nan Kaduna garinmu na baƙi ne tun da aka ɗauko hedkwata daga Zungeru a 1917. Da wuya a sami ajin da babu yaron da addininsa ko harshensa ya bambanta da na sauran. Malamai, kada ku bari a yi masa ba'a. Iyaye kuwa, ku koya masa dalilin abin da kuka gada, gama wanda bai san ma'anar rawani ba, ba ya daɗewa da shi a ka.